Yadda Ake Buɗe Ajin Koyon Karatu na Sa-kai a Makarantar Firamaren Unguwa

Duk lokacin da mutanen unguwa suka ce za su taimaki makarantar gwamnati, hankalinsu kan tafi ne ga bulo da kwano da fenti. Ba laifi, rufin da iska ta yaye yana bukatar kafinta. Amma akwai ɓarnar da ba a hango ta daga bakin titi. Yaro ya kai aji huɗu ko biyar, ga yunifom ga jaka, yana kwafe duk abin da aka rubuta a allo tsaf, amma ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya cikin abin da ya kwafa ka ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Gyaran wannan ba ya cin siminti. Abin da yake ci shi ne mutum huɗu ko biyar masu haƙuri, da awa ɗaya a rana, har zangon karatu ya ƙare. Na daɗe ina wannan aiki tare da matasan unguwa, ga kuma yadda ake yin sa ga wanda bai taɓa ba.

Manufar ilimi ta Nijeriya ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare, amma a manyan garuruwan Arewa ajin da ya haura ɗari ba abin mamaki ba ne. Malami yana bin manhaja, ba shi da sararin komawa baya saboda mutum goma ko ashirin, don haka wanda haruffa suka kuɓuce masa a aji ɗaya haka zai yi ta tafiya har aji shida. Dabarar da za mu bi ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta shahara da ita, an kuma gwada ta a Arewa, ciki har da Borno: a ajiye maganar aji nawa yaro yake, a gwada abin da ya iya, a haɗa shi da waɗanda suke daidai da shi, a fara daga inda ya tsaya.

Kayan aiki

Yawancinsu tsinta ake yi, ba saye ba.

- Kwalayen taliya ko na sabulu daga wurin mai kanti. Da su za a yanka katunan haruffa, kowanne faɗin tafin hannu.
- Maka baƙa da ja: baƙaƙe da baƙa, wasula da ja. In babu maka, tawada da alƙalamin kara sun wadatar.
- Alli naka na kanka. Kada ka dogara da na makaranta, su ma ƙirga shi suke yi.
- Allo. Idan na ajin ya koɗe, a sayi fentin allo. In kuɗi bai kai ba, a daka gawayi ya yi laushi, a kwaɓa da jiƙaƙƙen ƙaro, a shafa, a bari ya bushe. Kada a fasa tsohon batir don a ɗebi baƙinsa kamar yadda wasu ke yi, guba ce, kuma yaran da aka sa shafawa da wannan hannun za su ci abinci.
- Tabarmi, ko buhunan da aka farke aka haɗe da ɗinki. Zaman ƙasa a da'ira ya fi benci amfani a wannan aikin.
- Littafin rubutu da fensir ga kowane yaro. Fensir ɗaya a raba shi biyu.
- Babban littafi mai kauri na rajista.
- Takardar gwaji, bayaninta yana mataki na huɗu.
- Bokitin ruwan sha da moɗa.

Ka kuma tambayi hedimasta ko akwai littattafan koyon karatun Hausa a sito. A Bauchi da Sakkwato an raba littattafan "Mu Karanta", a Katsina da Zamfara an yi shirin koyar da karatu mai suna RANA. Sau da yawa za ka tarar da irin waɗannan a kulle cikin kabad, ƙura ta rufe su, saboda ana tsoron kada su yage a zo ana tambayar lissafinsu. Ka ce za ka sa hannu a kan duk wanda ka ara.

1. Fara da hedimasta, kuma ka je da ƙafarka

Kada ka aika takarda, kada ka yi waya. Ka je da safe bayan an gama asambuli yara sun shiga aji, ku biyu ko uku, ɗayanku ya zama dattijon da aka sani a unguwa. Bayan gaisuwa, maganar ta zama kamar haka: "Ranka ya daɗe, mu 'yan unguwar nan ne, wasunmu ma nan suka yi. Mun san yawan yaran ya fi ƙarfin malaman da aka ba ka. So muke ka ara mana aji ɗaya, mu taya ku da waɗanda karatu bai zauna musu ba."

Kuskuren da ya fi kashe aikin tun bai tashi ba shi ne shiga da zafi, ana cewa yaran makarantar nan ba su iya komai ba, malamai ba sa zuwa, za a gyara. Mutumin da ke gabanka ya ga masu duba makarantu, ya ga masu zuwa da kyamara su ɗauki hoton rufin da ya ɓule su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Da zarar ya ji ƙanshin cewa kun zo kama laifi ne, zai yi muku murmushi, ya ce Allah ya saka da alheri, sannan kullum makullin aji ya ɓata. Ka roƙe shi ya haɗa ku da malami ɗaya wanda zai zama idonsa a cikin aikin, ka kuma gaisa da maigadi da kyau, don shi za ka fi gani.

2. Kwamitin makaranta, mai unguwa, da takarda

Kowace firamaren gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda aka fi sani da SBMC. Ba shi ne ƙungiyar iyaye da malamai ba. A cikinsa akwai wakilin mai unguwa ko dagaci, da malamin addini, da wakiliyar mata, da tsohon ɗalibi, da masu sana'a, hedimasta kuma yawanci shi ne sakatare. A wasu makarantun yana aiki, a wasu kuwa sunaye ne kawai a manne a bangon ofis. Ko wanne ne, ka nemi a kira zama a shigar da maganarku cikin rubutaccen bayanin taro. Na sha ganin kwamitin da ya yi shekaru yana barci ya farka saboda wannan zaman kaɗai, don an ba shi abin yi wanda ba neman kuɗi ba.

Daga nan a rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda ofishinsa ke ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Hedimasta da shugaban kwamiti su sa hannu. A kai kwafi biyu, a buga hatimi a ɗaya ku dawo da shi. Amfaninta zai fito ranar da aka canja wa hedimasta wurin aiki, sabo ya zo yana tambayar wa ya ba ku izini. A Nijar hanyar ita ce ta daraktan makaranta da kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da COGES.

Liman ya yi sanarwa a masallaci. Amma sanarwar masallaci ba ta cika shiga cikin gida ba, alhali a can ake yanke hukuncin ko yarinya za ta zauna ko za ta ɗauki talla. A kai maganar Islamiyyar matan aure.

3. Zaɓen masu koyarwa

Suna nan da yawa: waɗanda suka gama sakandare suna jiran gurbin karatu, masu takardar NCE da ba su sami aiki ba, malaman da suka yi ritaya, matan aure da suka yi boko, da 'yan bautar ƙasa masu jin Hausa, tunda dama suna da rana guda a mako ta yi wa al'umma aiki. Mutum ɗaya ya riƙe yara ashirin, in ya yi yawa ashirin da biyar. Ka ɗauki fiye da adadin da kake bukata, domin wasu za su zame kafin wata ya ƙare. Lallai a sami mata a ciki.

Ka faɗa musu a zaman farko, ba tare da kwana-kwana ba, cewa babu albashi, babu alawus, babu wata ƙungiyar waje da ke bayan abin. Wanda ya zo da zaton za a ɗauki sunaye a kai Abuja gara ya tafi tun ranar. Abin da za su samu a faɗa shi ma: takardar shaida daga hedimasta a ƙarshen zango, wadda takan yi rana wajen neman koyarwa a makarantun kuɗi, da sabawa da tsayuwa gaban aji. Akwai kuma wanda ba a rubutawa. Saurayin da aka saba gani a teburin mai shayi tun hantsi, ya wayi gari yara na rusuna masa a lungu suna "Malam, ina kwana", tafiyarsa ma canjawa take yi.

Ka gwada su kafin su gwada yara. Ka yi musu shifta ta layi biyar da Hausa. Za ka sha mamakin masu digirin da ke rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", ko su haɗe "ya na" da "yana" yadda suka ga dama. Ba abin kunya ba ne, a zauna kwana biyu a gyara, a kuma yi gwajin darasi, wasu su zama yara wani ya koyar. Duk wanda ba a san shi ba, a tambayi mai unguwa halinsa kafin a ba shi 'ya'yan mutane.

4. Gwajin yara

Nan ne gindin aikin, kada a yi gaggawa. Takardar gwajin shafi ɗaya ce mai kashi huɗu, da manyan haruffa masu kyan gani. Kashi na farko haruffa goma a warwatse, ba a jere ba. Na biyu kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, rana, tuwo, kifi, jaki. Na uku jimloli huɗu gajeru, misali: "Ladi tana da akuya. Akuyar fara ce. Kullum tana ba ta dusa. Jiya ta haifi 'ya'ya biyu." Na huɗu ɗan labari mai jimla takwas zuwa goma. A yi takardar iri biyu ko uku, saboda wanda ya fito zai gaya wa na layi abin da aka tambaye shi. In babu kuɗin hoton takarda, a rubuta da hannu a bayan kwali.

Yaran aji uku zuwa biyar za a gwada, ɗaya bayan ɗaya, a inuwa, inda ana hango ku amma ba a jin abin da yaron ke faɗa. Ka zauna daidai da shi, kada ka tsaya a kansa. Ka tambayi sunansa da na unguwarsu, ka ce masa wannan ba jarrabawa ba ce, babu maki babu bulala. Sannan ka fara daga jimlolin nan huɗu. Idan ya karanta su a matsayin magana, bai yi kuskure fiye da uku ba, ka haura da shi zuwa labari. Idan ya kasa, ka sauko kalmomi, ya zaɓi biyar da kansa. Ya sami huɗu, to matakin kalma yake. Bai samu ba, ka sauko haruffa, nan ma ya zaɓi biyar. Wanda bai kawo huɗu ba shi ne ɗan fari. A rajista ka rubuta sunansa, ajinsa, sunan mahaifi, da mataki mafi girma da ya tsallake.

Abubuwa uku ke ɓata gwaji. Na farko tausayi: mai gwaji ya riƙa buɗe baki yana fara wa yaro kalmar. Ka kama bakinka, shirun minti guda ba zai kashe kowa ba. Na biyu, malamin aji ya zo ya tsaya kusa yana zare ido, sai yaron da ya iya ma ya rikice. Na uku hadda. Akwai yaran da za su rera maka haruffa daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma ka nuna "m" ita kaɗai su yi tsuru. Shi ya sa aka warwatsa su.

Sakamakon kuma sirri ne tsakaninku da hedimasta da malamin da ya ba ku. Kada ya hau Facebook, kada ya zama abin gori a majalisa. Ranar da aka ji cewa kun tallata yawan 'yan aji biyar da ba su san harafi ba, ranar aka rufe muku ƙofa.

5. Rukuni da lokaci

Rukuni uku sun isa: 'yan fari da masu harafi wuri ɗaya, masu kalma wuri ɗaya, masu jimla wuri ɗaya. Masu karanta labari a sallame su da yabo, ko a riƙe biyu-uku su taya aiki. A sa wa rukunan sunayen da ba su nuna sama da ƙasa ba, kamar Dabino, Goruba, Kanya. Ɗan shekara goma sha biyu da ya tsinci kansa da 'yan shekara takwas yana jin nauyin abin, sai a ba shi muƙami, shi ne mai raba fensir ko mai riƙe katuna. Idan masu bukata sun fi ƙarfinku, ku fara da 'yan aji biyar da huɗu, su ne lokaci ya ƙure wa.

Lokaci kuwa sai an yi shawara da gari. Mafi kyau shi ne hedimasta ya yarda a ware awa ɗaya cikin lokacin makaranta, domin yaran suna nan, cikinsu kuma bai gama ƙonewa ba. In hakan bai samu ba, sai dab da tashi. Kada ku kuskura ku ɗora ajinku a kan lokacin Islamiyya, za ku sha kaye, kuma kun jawo wa kanku zargin da ba ku bukata. Yammacin Alhamis da Juma'a yawancin Islamiyyu suna hutu, ana iya cin moriyarsu, sai dai kwana biyu a mako ba sa isa, abin da aka koya ranar Juma'a ya gudu kafin wata Alhamis. A nemi kwana huɗu ko biyar. A ƙauye a kauce wa ranar kasuwa da tsakiyar damina da kaka. Da azumi a mayar da shi safe a kuma rage. Makarantar da ake karatun safe da na rana ba ta da ajin da za ta ara, sai a koma gindin darbejiya a harabarta, ko zauren mai unguwa, ko a roƙi ajin Islamiyya da hantsi lokacin da babu kowa.

6. Iyaye

Zuwa da kai ya fi aike. Kowane yaron da aka zaɓa a taka gidansu, maza su ga uba a ƙofar gida, mata su shiga ciki. Kada a ce "ɗanka ba ya ja". A ce an zaɓe shi cikin waɗanda za a ƙara wa karatu kyauta. Kalmar kyauta a nanata ta, don tambayar farko ke nan.

Wajen uwar da 'yarta ke talla, ba wa'azi aka zo yi ba. Ribar ƙosan nan ko gyaɗar nan ita ce kuɗin cefane, wani lokaci ita ce ake tarawa don kayan ɗaki. A ce mata: "Inna, awa ɗaya muke roƙo. Tana tashi za ta dawo ta ɗaukar miki na la'asar." A kuma cika alkawarin, a sallami yarinyar a kan lokaci ko da darasi bai ƙare ba. Uwar da aka saɓa wa sau biyu ba ta sake bayarwa.

7. Yadda ake cin awar

Minti goma na farko na labari ne, kowa da kowa. Malami ya karanta gajeren labari da murya mai daɗi yana bin kalmomin da yatsa, sannan ya yi tambaya: wa ya ga abin da ya faru, me kuke zaton zai biyo baya? Yaran da suka saba da cewa aji wurin shiru ne za su yi kwanaki kafin su buɗe baki. A jure.

Sai a rabu rukuni-rukuni na kusan minti talatin da biyar.

Rukunin haruffa. Kada a bi jerin a, b, c. A fara da a, n, k, m. Da waɗannan huɗun kaɗai yaro zai haɗa nama, kaka, mama, kama, mana, kuma a makon farko ya koma gida yana cewa ya karanta kalma. Wannan daɗin shi ke dawo da shi gobe. Daga nan a ƙara i, s, r, u, d, t, a riƙa ƙara biyu ko uku a mako. Sautin harafi ake koyarwa, ba sunansa na Turanci ba. Yaron da aka koya wa "bi" da "e" ba yadda za a yi ya haɗa su su ba shi "ba". Kuma kada a manta yawancin yaran nan sun zauna gaban malamin allo, sun yi babbaƙu sun yi farfaru, kunnensu ya san ba, bi, bu. A yi amfani da wannan: a zana jadawali a allo, baƙaƙe a gefe, wasula biyar a sama, a riƙa nuna gaɓa a tsallake, ba a jere ba, ana kiran yaro ɗaya-ɗaya. Amsa-kuwwar aji gaba ɗaya yaudara ce, mutum biyar ke karantawa saura suna bin amo. A ba kowa katuna a hannu, a ce wa zai haɗa mini "kifi", su baje a tabarma suna nema. Wanda ke juya b da d, a sa shi ya zana su da yatsa a rairayi, manya-manya, yana furtawa. Masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ, da 'y, sai an zauna da ƙafafu biyu, a koyar da su bibbiyu da 'yan'uwansu: baki da baƙi, daka da ɗaka, bari da ɓari. Sh da ts da irin su kw da gy su zo daga baya. A littattafan Nijar za a ga ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Rukunin kalma. Matsalarsu ita ce tsinka kalma gaɓa-gaɓa har su manta farkonta kafin su kai ƙarshe. A rubuta jimla a dogon kwali, a yanka ta kalma-kalma, a cakuɗa, su jera. A sa su faɗi sunayen abin da ke kasuwa ko a madafa, a rubuta a allo, su gina jimla da kowanne. Jimlar da yaro ya ƙirƙira da bakinsa ya fi saurin karanta ta.

Rukunin jimla. Su karanta labari bibbiyu, ɗaya na karatu ɗaya na bi da yatsa, sannan a rufe takarda su faɗi abin da ya faru da bakinsu. In babu littattafai, masu koyarwa su rubuta tatsuniyoyin da kowa ya sani a bayan tsohuwar kalanda.

Minti goma sha biyar na ƙarshe rubutu ne, kuma shifta, ba kwafe ba. Kwafe sun riga sun ƙware a kansa, shi ya kawo su nan. A duba littafin kowa a wurin, a gyara a gabansa. A makonnin farko a tattara littattafai da fensira a jaka ɗaya, don in sun tafi gida ƙanne za su yage, ko a ƙulla gyaɗa da shafukan.

Wanda ke son ƙara lissafi ya bari sai karatu ya kama hanya. Tsinken tsintsiya da robar ɗaure kuɗi sun isa: goma-goma a ɗaure, saura a warwatse, da haka yaro ke gane dalilin da ya sa ake "ara ɗaya" a ɗebewa.

8. Dokokin da ba a sassautawa

Babu duka, babu kamun kunne, babu tsallen kwaɗo. Yaran nan dama tsoro ne ya kulle bakin yawancinsu. Mai koyarwa ba ya keɓewa da yaro ko yarinya, ƙofa da taga a buɗe, kullum manya biyu a wuri. Ba a aiken yaro sayen kati ko ɗebo ruwa. Ba a ɗaukar hoton fuskar yara a watsa sai da yardar iyaye. A tashi da sauran rana, kowa ya isa gida kafin magariba. Wanda ya karya dokar hana keɓewa da yaro, a sallame shi a ranar, ko ɗan waye, a kuma sanar da hedimasta da mai unguwa.

Ba a karɓar ko sisi daga hannun yaro, ko da sunan kuɗin alli. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati kyauta ne. Abin da ake bukata a nema wurin 'yan kasuwar unguwa da tsofaffin ɗalibai, kuma a fi son kaya a kan kuɗi. Mai kanti ya ba da dozin ɗin littafi ya fi ya ba da kuɗinsa, don kaya ba sa jawo "ina aka kai". Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma littafi mai hotonsa a bango da hula mai alamar jam'iyya su tsaya a waje. Rabin unguwa na ɗaya ɓangaren, kuma da 'ya'yansu a ajin.

9. Rajista da bibiya

A kira suna kullum, na yara da na masu koyarwa. Yaron da ya yi fashin kwana uku a jere a je gidansu a ranar ta huɗu, da sigar dubiya. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko silifas ya tsinke, ko an tura shi ƙauye. Wannan bibiyar tana da wata riba da ba a yi lissafinta ba: yaron da aka dawo da shi ajin sa-kai an dawo da shi makarantar ke nan gaba ɗaya. Haka ma harabar. Makarantar da babu katanga, da an tashi takan zama wurin bahaya da mafakar 'yan shaye-shaye, a sace ƙofa a cire taga. Da mutane suka fara zama a cikinta da rana, iyaye mata na leƙowa, abin yakan ja baya da kansa. Malamai ma in sun ga 'yan unguwa na shige da fice sukan ƙara kiyaye lokaci, ba tare da kowa ya ce musu uffan ba. Kuma kada ku ce ɗin. Mutumin da albashinsa ke makara ba ya bukatar ɗan sa-kai ya zame masa sufeto.

Masu koyarwa su zauna rabin awa kowane mako, kowa ya faɗi yaron da ya gagare shi. Wanda aka yi wata ana fama bai motsa ba, a duba ko yana gani sosai, ko yana ji. A matso da shi gaba, a kira sunansa daga baya a hankali a gani. In akwai alama, a gaya wa iyaye su kai shi asibiti.

10. Sake gwaji da rufe zango

Bayan mako shida a sake gwaji da takardar da yaro bai taɓa gani ba, kuma wanda ke koyar da rukuni kada ya gwada nasa. Wanda ya haura a matsar da shi gaba a ranar, kada a riƙe shi don malaminsa ya saba da shi. A ƙarshen zango a yi na uku, a jera sakamakon uku gefe da gefe a shafi ɗaya: mutum nawa ke kowane mataki da farko, nawa a tsakiya, nawa yanzu. Wannan shafin za a kai wa kwamiti da sakataren ilimi, shi ne kuma za a nuna wa mai kantin da ya ba da littafi in an koma neman na gaba.

A yi ɗan taro, ba kanofi ba kujerun haya. Iyaye su zo, mai unguwa ya zauna, a bar yara su karanta. Kada a ba su abin da suka haddace. Wani uba ya rubuta jimla a take a miƙa wa ɗansa, ko wata uwa ta buɗe saƙon da ke wayarta wanda da sai ta nemi ɗan maƙwabta, 'yarta ta karanta mata a gaban jama'a. A wurin ne ake samun sababbin masu sa-kai da masu ɗaukar nauyin alli, don haka a zo da takardar rubuta suna. A miƙa wa masu koyarwa takardunsu na shaida a gaban kowa, da sa hannun hedimasta da hatimin makaranta.

Kafin a tafi hutu, a ba kowane malamin aji sunayen yaransa da matakin da kowa ya kai, don ya san wanda zai riƙa tayarwa ya yi karatu. Waɗanda ba su kai jimla ba su ne farkon rajistar zango mai zuwa, sai a cike gurbin da sababbin da za a gwada a makon farko na komawa. Littattafan aro a ƙirga a mayar, a karɓi sa hannu. Katuna da jadawali a zuba a jakar leda mai zif a rataye a ƙusa a gidan ɗaya daga cikinku, don in aka bar su a ƙasan sito gara za ta gama da su kafin a dawo.